Jakar da Mma Ta Tafi Jego da Ita

Ina tsugune ina danna atamfofin Mma cikin jaka, sai ta shigo ta zazzage su duka a tabarma.

Da hantsi aka kira mu daga Accra. Ƙanwata Rabi ta haifi bakwaini, an yi mata aiki, kuma ba kowa namu a kusa da ita. Mijinta ya saya wa Mma tikitin jirgin yamma daga Tamale, mu kuwa muna Yendi. 'Yar jaka ɗaya kawai tikitin ya ba ta damar riƙewa.

Ina kallo ta cika ta da kanwa, garin kunu, daddawa da man kaɗe. Ta naɗe tsohon zanen da ta goya mu da shi, ta cusa a gefe. Sannan ta ɗaura zane uku a jikinta, ɗaya kan ɗaya.

Na ce, "Mma, sai an yi arba'in fa za ki dawo. Me za ki riƙa sawa?"

Ta ce, "Biki za ni? 'Yata ce a kwance."

Matar da ba ta taɓa shiga jirgi ba, wallahi ko gezau. Ta ma riga ni shiga mota.

Jama'a, haka iyayenku mata suke, ko tamu ce daban?