Kabarin da Ya Juya Fuska: Ta'aziyyar Farfesa Nagamine Tokuji

Ranar Asabar, 9 ga Nuwamba, 1968, Farfesa Nagamine Tokuji ya rasu a birnin Sendai, can ƙasarsu, yana da shekara tamanin da ɗaya. 'Yarsa Fumiko ce ta aiko mana da labarin nan Taipei, babban birnin Taiwan, jaridarmu kuma ta ba shi ɗan gurbi a shafin ciki. Na san dalilin wannan tsuke hannu. Har yau ba abu ne mai sauƙi ba a tsibirin nan mutum ya yabi wanda ya zo ƙarƙashin tutar masu mulkin mallaka. Zan faɗi abin da na gani da idona, mai karatu ya yanke nasa hukunci.

Malam, ka sauka Taiwan a 1912 kana saurayi, da guduma da kamfas. Ka taka tsaunukanmu da ƙafa, ka zana taswirar abin da ke kwance a ƙarƙashinsu, har ka zama shugaban ofishin binciken duwatsu da ma'adinai. Kai ka kafa ƙungiyar masana ilimin ƙasa, kai ne kuma ka fara tafiya daji da ɗalibai 'yan ƙasa a lokacin da takwarorinka ba su ga amfaninsu ba sai wajen ɗaukar kaya. Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Taswirarka ce ta nuna wa kamfanoni inda kwal da zinariya suke, dukiyar ta haye teku, 'ya'yanmu suka mutu a ramukan haƙa. Ka san haka, kuma ban taɓa jin ka musanta ba.

Amma ranar da nake son a tuna da kai ita ce ta Pak-liau.

Bayan girgizar ƙasar 1935, tsaunin da ke saman wannan ƙauye na manoman shayi ya tsage. Ka je ka duba, ka rubuta cewa gangaren na iya zaftarowa kan gidaje idan damina ta kankama. Gwamnati ta ba da umarnin a tashi. Mutanen suka ƙi. Dukansu zuri'ar Phang ne, kuma ƙasusuwan kakanninsu suna cikin tuluna a wannan gangare. Da 'yan sanda suka matsa, wani saurayi ya rotse ɗaya da ƙotar fartanya. Sai Sufeto Ogata ya dawo da bindigogi da gwangwanayen kananzir, da niyyar ƙone gidajen domin kada a sami wurin komawa.

Ni a lokacin wakilin jarida ne a garin Shinchiku. Na isa da hantsi na tarar da maza sun jeru a ƙofar zauren kakanni da addunan saran gora, mata sun tura yara cikin gonakin shayi. Tsakanin su da bakin bindigogi bai wuce faɗin masussuka ba. Hadari kuma yana haɗuwa.

A haka ka iso, wando duk laka. Ba ka da iko a kan ko da ɗan sanda guda. Ka ce wa Ogata ya dakata ka hau tsaunin.

"Farfesa, ai takardarka ce ta kawo ni nan," in ji shi. "Yanzu kuma kai za ka hana ni aiki?"

"Na rubuta ƙasa za ta kashe su. Ban rubuta ka riga ta ba. In ka kunna wuta, ka sani ina can sama, sai ka yi wa Gwamna bayanin yadda aka yi."

Ogata ya dubi hadarin, ya ce da zarar ruwa ya fara ɗigowa zai cika umarni kafin ya kankama, domin jiƙaƙƙen rufi ba ya cin wuta.

Ka wuce ta tsakiyar addunan nan ka tsaya gaban Dattijo Phang A-hoi, mai duban wuraren binne matattu. Shi ne ya tono ƙasusuwan kakan da ya kafa ƙauyen, ya wanke su, ya sake ajiye su a saman gangaren, ya kuma shaida wa dangi cewa wurin zai riƙe su har jikokin jikoki. Maganarsa ce ta tsayar da mutane a ƙofar zauren. Ka rusuna ka gaishe shi da gurgun Hakkancinka, harshen mutanen ƙauyen.

"Kai ne mai gudumar?" ya ce. "Ka gama ƙwanƙwasa duwatsunmu kamar ɓarawo na neman inda aka binne tukunya, yanzu kuma ka zo ka koya mini tsaunin da aka yanke mini cibiya a kai?"

"Kawu, ban zo da nawa awon ba. Ka ɗauko faifanka, ka aza a kan kabarin da ka shirya da hannunka. Abin da ya ce, shi ke nan."

"In ya ce lafiya lau fa?"

"Sai in sauko in tsaya tare da ku a ƙofar nan."

Na ji wannan alkawari da kunnena. Ka ba da ranka jingina a kan gaskiyar tsohon da mutuncinsa duka ya rataya a kan ya ce ƙarya kake.

Muka hau, mu da dattawa kaɗan. Tsagar tana sama da kaburbura, an cusa mata ciyawa da ƙasa don kada 'yan sanda su gani. Tsohon ko kallonta bai yi ba. Ya durƙusa, ya warware faifan katakonsa mai allurar ƙarfe a tsakiya da gidaje zagaye da ita, ya daidaita shi da dutsen kabarin. Babu wanda ya iya karanta faifan nan a cikinmu sai shi. In da ya ga dama ya ɗago ya ce komai daidai ne, da ba mai ja.

Allurar ta yi ta lilo kafin ta tsaya. Ya ɗauke faifan, ya share dutsen da hannun riga, ya sake azawa. Sai ga ɗigon ruwa na farko a kan katakon. Daga ƙasa muka ji ƙarar gwangwani ana ɓalle masa murfi.

"Yaya A-hoi, yi magana mana!" in ji wani dattijo. "Ko sai sun gasa mu?"

Kai ne ka durƙusa kusa da A-hoi, ka yi ƙasa da murya: "Kawu, daidai ka ajiye shi. Tsaunin ne ya motsa da shi."

Sannan ya miƙe, ya fuskanci ƙauyen, ya ɗaga murya irin wadda ban zaci tana cikin wannan ƙirji ba. Ya ce kakansu ya kau da fuska daga inda aka fuskantar da shi, ya faɗa wani gida na faifan da ba a barin mamaci a ciki. Ya ce a ajiye adduna a ɗauko fartanyu. Matattu za su fara sauka, rayayyu su bi baya.

Kwashe tulunan ya ci makonni, domin kowanne da ranar da ta dace a ɗauke shi. Ogata ya so ya gaggauta su. Sai ka kai shimfiɗarka gidan da ya fi kowanne kusa da gangaren, ka zauna a can cikin ruwan da kai ka fi kowa sanin abin da zai iya yi, har tulu na ƙarshe ya sauka. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba.

Tsaunin bai faɗo ba a wannan damina, bai faɗo ba a ta gaba. Abokan aikinka suka yi ta yi maka dariya a Taipei, wasu 'yan ƙauyen suka zage ka a kan gonakin da suka bari. Ba ka taɓa kare kanka ba. Ka miƙa ofishinka ga ɗalibanka a 1947, ka koma ƙasarku. Sai a babbar ambaliyar 1959 gangaren ya zaftaro, ya rufe tsohon Pak-liau har kan bishiyoyi. Ba kowa a ciki.

Da labarin rasuwarka ya kai sabon ƙauyen, dattawa sun yi gardama a kan ko ya halatta a ƙona wa baƙo turare, baƙon ma na wancan zamani. Jikan Dattijo A-hoi ne ya raba gardamar. A cikin zauren ba zai yiwu ba, domin kai ba Phang ba ne. Sai suka kafa maka tebur a bakin ƙofa, kowane gida ya fito da yaransa, suka rusuna ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya jiƙanka, Malam. Ya auna ka da rahamarsa, ya yafe maka abin da ke wuyanka na zamaninka, ya sa ƙasar da ka yi wa hidima ta yi maka sauƙi. Ga uwargida Nagamine Shizue, da Fumiko, da jikoki, da ɗalibansa na nan da na can, ina miƙa ta'aziyyata da ta mutanen Pak-liau. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa.