Kalmar Baba Mai Gida

Umma ba ta jin Turanci. Tana da 'yan kalmomin da ta tsinta a kasuwar Kubwa, waɗanda za su ishe ta cinikin tumatir da sayar da zoɓonta, amma da an sako mata dogon zance sai ta juyo ta kalle ni. Duk da haka ita ce ta shirya ni gasar sifelin, wadda ake faɗa wa yaro kalmar Turanci ya jero haruffanta ɗaya bayan ɗaya. Ina faɗar haka ko a gaban waye, kuma da ɗaga kai nake faɗa.

Ina ƙaramar sakandare malamarmu ta Turanci ta zaɓe ni in wakilci makarantarmu a gasar da za a yi a Bwari. Ta miƙo mini ɗan littafi cike da kalmomi masu karya harshe, ta ce in haddace su har da ma'anarsu, kuma in sami wani a gida ya riƙa yi mini tambaya. A nan matsalar take. Baba tun kafin gari ya waye yake fita neman motar shiga gari saboda cunkoso, in ya dawo kuwa ko abinci da gyangyaɗi yake ci. Na gwada ba shi littafin sau ɗaya, kafin ya kai ƙarshen shafi ya fara minshari.

Na zauna a tsakar gida ina ta maimaita kalmomi kamar aku, suna shiga ta nan suna fita ta can. Haushi ya ishe ni na yi jifa da littafin. Umma tana tace zoɓo, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Wannan da kike ta nanatawa, me take nufi da Hausa?"

Na ce, "Loquacious. Mai shegen surutu."

Ta ce, "To ai Maman 'Yan Biyu ke nan. Me ya yi wuya a ciki?"

Maman 'Yan Biyu maƙwabciyarmu ce 'yar Filato, mace mai kirki, amma in ta tare ki a bakin famfo sai bokitinki ya cika ya zube ba ta kai rabin labari ba. Na yi dariya har da hawaye, kuma tun daga ranar kalmar ta zauna daram a kaina.

Haka muka fara rabon. Gidan haya ne babba, mutum iri-iri, don haka ba mu rasa masu karɓa ba. Ɗan bautar ƙasa na ɗakin ƙarshe, wanda rana take take shi yana kwance, ya sami lethargic. Matar da ke cin kwalliya da gwala-gwalai don zuwa sayen gawayi ta sami tata. Da mutanen gidan suka ƙare muka shiga layi, daga mai shago zuwa mai gyaran janareta, muka wuce dangi na Zariya, har matattu ba mu bari ba, Allah ya ji ƙansu. Umma ba ta iya kiran kalmomin ba, don haka mutum take kira. Tana wanke-wanke za ta ce, "Kawo mini mai shago." In faɗi kalmar, in jero haruffan, in faɗi ma'ana. Ba ta san ko na yi daidai ba, amma tana da kunne. In na yi jim ko muryata ta yi rawa sai ta ce, "Ba ki san shi ba tukuna. Koma littafi."

Mafi daɗi a cikin rabon ita ce ta Baba Mai Gida, mai gidan da muke haya. Dattijo ne Bagbagyi, wanda ya ce tun Kubwa tana gonar doya yake nan, kuma bai yafe wa kowa zuwan da aka yi aka cika garin ba. Yana faɗa a kan shara, yana faɗa a kan igiyar shanya, yana faɗa da akuyar da ba tasa ba. Shi muka ba cantankerous, wato masifaffe. Umma ta so kalmar ƙwarai. Ita kaɗai ce kalmar da ta koyi kira, tana cewa "kantankaras" ƙasa-ƙasa duk lokacin da ya wuce yana mita.

Da gasa ta matso na ce mata tare za mu je. Ta ce a'a.

"Me zan je yi a cikin 'yan boko? A yi mini magana in tsaya ina zare ido? Ba zan ba ki kunya a gaban mutane ba."

Maganar ta soke ni. Ban damu da kofi ba kamar yadda na damu ta zauna a ɗakin nan ta ga abin da muka yi tare. Na yi roƙo, na yi fushi, na ƙi cin abinci. A ƙarshe na ce in ba ta je ba ni ma ba inda za ni, kuma ta san halina, a wurinta na gado. Ta ce, "Na ji, uwar taurin kai. Amma can baya zan zauna, kuma ba zan ce uffan ba."

Ranar gasar Baba bai sami izini a ofis ba. Muna tsaye a ƙofar gida muna jiran mota sai ga Baba Mai Gida ya fito da tsohuwar motarsa, ya ce yana da gona a wajen Bwari. "Ku shiga, amma kar wani ya buga mini ƙofa." Ya yi faɗa da kowane ɗan acaba a hanya. Da muka isa kuma, maimakon ya wuce gonar, sai ya ce bari ya ga abin da ake tara mutane a kai, ya zauna kusa da Umma a layin baya.

Zagayen farko sun tafi lafiya. Ana kiran kalma sai in ga fuskar mai ita, haruffan su biyo baya da kansu. Yara suka yi ta faɗuwa, wasu da kuka, har muka rage kaɗan a kan dandamali. Aka kira ni gaban makirufo. Alƙaliyar ta duba takardarta ta ce, "Cantankerous."

Kafin in buɗe baki, daga can baya murya ta tashi, cike da murna: "Lah! Ai Baba Mai Gida ne!"

Alƙalai suka ɗago, wata uwa ta miƙe tana cewa ana ba yarinya amsa da yare. Na hango Umma ta toshe baki da mayafi, ta tashi tana laluben jakarta, kanta a ƙasa. Abin da ta ji tsoro tun farko shi ne ya faru, kuma fita za ta yi.

Ban san lokacin da na kama makirufo ba. Da Hausa na yi magana, duk ɗakin yana ji: "Umma, don Allah ki zauna." Sannan na juya ga alƙalai na yi musu bayani da Turanci. Na ce mahaifiyata ce, ita ce ta koya mini, ba ta karanta Turanci, don haka kowace kalma mutum muka ba. Ba harafi ta faɗa ba, mai kalmar ta gane.

Wani alƙali mai furfura, da Hausarsa ta 'yan Abuja, ya ce, "To wane ne wannan Baba Mai Gida?"

Dattijon ya miƙe tsaye, ya amsa da Hausarsa ta Bagbagyi. "Ni ne. Yarinya, wannan kalma, me yake nufi?"

Babu wurin gudu. Na ce, "Mai yawan faɗa, Baba."

Ya kalle ni, sannan ya juya ga jama'a ya ce, "To, ba ƙarya ya yi ba. Madam, zauna mana, kina tare wa mutane hanya!" Ɗakin ya fashe da dariya, har uwar da ta yi ƙorafi. Umma ta koma ta zauna.

Alƙalai suka ce don adalci za a canja mini kalma, kuma hakan daidai ne. Suka ba ni wata, ta wani kawuna ce na Zariya, na jero ta tsaf. Na ƙare a ta biyu. Wani yaro daga Dutse ya fi ni, kuma ya cancanta, kalmar da ta kayar da ni ko a mafarki ban taɓa ganinta ba.

Da aka zo ɗaukar hoto, aka ce kowane yaro ya tsaya da malamin da ya shirya shi. Malamarmu ta taho, ta tsaya a tsakiyar hanya, ta juya ta nufi layin baya. Da hannu ta jawo Umma, tana tirjewa tana cewa zaninta duk zoɓo ne. Ta tsaya a gefena a kan dandamali, hannunta a kafaɗata, ni kuwa ji nake kamar ƙirjina zai fashe don alfahari.

Hoton yana jikin bangon ɗakinta har yau. In baƙi suka tambaya, ba ta fara nuna ni. Kanta take nunawa ta ce, "Wannan malamar ce. Waccan kuma ɗalibata."