Ciwon Balkisa da Muka Ɗauka na Ciki Ne

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Kun daɗe ba ku ga na sa hoton atamfa ko turare a nan ba, har wasu suna tambaya ko mun bar Libreville. Muna nan unguwarmu ta Alibandeng. Jinyar 'yata Balkisa ce ta ɗauke ni, sai yanzu na samu natsuwar ba ku labari.

Tana shekara huɗu abin ya fara. Tana cikin wasa sai ta rugo ta riƙe mini zani a tsorace, ta ce, "Mama, kwaɗo yana hawowa cikina." Daga nan sai ta yi shiru, ido a kafe, tana taune-taune ba komai a bakinta, yatsunta na murza bakin riga. Jim kaɗan ta dawo hayyacinta, ta nemi wurin kwanciya.

Ba ta faɗuwa, jikinta ba ya karkarwa. Kowa ya ce tsutsar ciki ce.

Mun ba da maganin tsutsa, mun sake bayarwa. An yi awon bayan gida, an yi hoton ciki, ba a ga komai ba. Kakarta ta aiko da rubutu daga Maradi. A makarantar lakwal kuma malamarsu ta ce yarinyar ce dai ba ta mai da hankali.

Wata rana mun je unguwar Plaine Orety karɓar kaya, muna tsallaka titi, sai na ji ta zame hannunta. Na waiwaya na gan ta tsaye a tsakiyar hanya tana taunar nan tata. Wani mai taksi ya taka birki dab da ita, yana ta oda, ko kallonsa ba ta yi ba.

Babanta ma taksi yake ja. Da na gaya masa sai ya ce, "Maman Balki, da ni ne a motar nan, yadda nake sauri..." Bai ƙarasa ba. Washegari bai fita aiki ba, asibitin yara muka nufa.

Likitar ta saurare mu, ta ce in abin ya sake tasowa in ɗauki bidiyo. Ya yi mini wuya in riƙe waya 'yata na cikin wannan hali, amma na daure. Tana ganin bidiyon ta tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Shi ne ya ce, "Madam, farfaɗiya ce."

Na ce, "Likita, ai ba ta taɓa faɗuwa ba."

Ya taɓa gefen kansa, saman kunne, ya ce, "Akwai wadda daga nan take tashi. Ba dole ta ka da yaro ba. Kwaɗon da take faɗa, alamar farawarta ke nan."

Na tsefe mata kitso aka manna mata wayoyi a ka don awon ƙwaƙwalwa. Sai hoton cikin kai da ake kira IRM, wanda sai da aka sa ta barci kafin a ɗauka. Kuɗinsa ya cinye jarina, shi ya sa kuka ga na daina talla. Hoton ya nuna ɗan tabo. Likita ya tambaya ko ta taɓa yin jijjiga mai tsawo tana jaririya. Ta yi, lokacin wani zazzaɓi mai zafi, mun ma manta.

Maganin farko ya feso mata ƙuraje, muka koma da sauri aka canza. Na biyu ya sa ta yawan barci kafin jikinta ya saba. A watannin nan tsorona bai wuce ruwa da titi ba, ko bokiti ba na bari a cike.

A hankali abin ya riƙa jinkirin zuwa, har ya daina. Yanzu an fi shekara. Likita bai ce ta warke ba tukuna, kuma tana nan kan magani safe da yamma.

Abin da ya fi ciwon taɓa ni shi ne mutane. A wani taron suna a unguwar Akanda, wata baiwar Allah ta janye kofin ɗanta daga gaban Balkisa. Ban san yarinyar ta lura ba, sai na ji ta ce, "Inna, ba a ɗauka. Likita ya ce a cikin kaina yake, ni kaɗai." Matar ta mayar da kofin.

Iyaye, in yaro yana ƙafewa yana taune-taune, ku ɗauki bidiyo ku kai wa likita. In ya faɗi, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku cusa masa komai a baki. In ya kai minti biyar bai tsaya ba, sai asibiti. Kada ku tsayar da magani don kun ga sauƙi. Ku yi addu'a, ku kuma yi awo.

Na gode wa Allah, na gode wa likitocinmu da matan unguwa da suka riƙa aiko mana da abinci. Mai taksin nan da ya taka birki kuma, ban san sunansa ba, ko fuskarsa ban riƙe ba, amma duk sallar da na yi yana cikin addu'ata.