Kowace Uwa Ta Riƙe Ɗan Wata

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙawata Rifkatu. Duk lokacin da watan mutuwarta ya kama sai in ɗauki biro in ajiye, don na san da tana raye cewa za ta yi, "Hauwa, wannan surutun naki na takarda wuyan wane yaro zai miƙar?" Bana kam na ƙi ajiyewa, saboda abin da ta bar mana ya kusa kuɓuce mana a daminar nan, kuma ina so a san yadda aka yi.

Tare muka yi sakandare. Ita 'yar malamin coci ce daga Wusasa, ni kuwa a Samaru aka haife ni. Ta zama ma'aikaciyar gashin ƙashi a asibiti, ni na zama malamar firamare. Gajeriya ce mai babbar murya, ba ta iya lallashi ba ko na sisin kwabo, ni kuma Allah ya yi ni da saurin hawa. Mun fi shekara talatin muna faɗa muna shiryawa.

'Yata Walida ta zo duniya bayan doguwar naƙuda, ba ta yi kuka da wuri ba. Likitoci suka ce ƙwaƙwalwarta ta sami rauni a wurin da ke sarrafa motsin jiki. Ta kai shekara shida ba ta riƙe wuya sosai, ba ta zama sai an tokare ta da matasai, ƙafafunta a sandare suna harɗewa kamar almakashi. Na sha maganganu a unguwa. Wata tsohuwa ta taɓa raɗa mini cewa irin waɗannan 'yan ruwa ne, in kai ta bakin rafi in juya baya. Ban san lokacin da na wurgar mata da takalmanta waje ba. Amma tun daga ranar na rage fita da yarinyar, in kuma fitar ta zama dole sai in goya ta in lulluɓe da mayafi har kanta.

Rifkatu ce ta zo da zancen doki, bayan wani kwas da ta je. Ta ce in doki yana tafiya a hankali, ƙugun wanda ke kansa yana juyawa kamar na mai tafiya da ƙafarsa, don haka yaron da bai taɓa taka ƙasa ba jikinsa zai ɗanɗana yadda tafiya take. Ɗumin jikin dabbar kuma yana sassauta ƙafafun da suka sandare. Ta gaya mana tun farko cewa doki ba ya warkar da kowa, duk mai neman mu'ujiza ya nemi wani wuri. Ta samo wata goɗiya mai sanyin hali a wurin wani mai kiwon dawaki a Bomo, Malam Tanko, ya kuma ara mana wani fili a bayan gidansu. Bawan Allah ya sha mamaki. A saninsa ba a hawan goɗiya, ga shi an ce a cire sirdi da linzami a shimfiɗa bargo, sannan har 'yan mata za a ɗora. Ya yi ta girgiza kai, amma shi ne ya riƙe ragama tun ranar farko har yau. Muka sa wa goɗiyar suna Amarya saboda yangar tafiyarta.

Mutum uku ake bukata kafin yaro ya hau, mai jan ragama da masu riƙe yaron ta dama da ta hagu. A nan Rifkatu ta kafa dokar da ta kusa raba mu. Ta ɗaura igiya a gefen fili ta ce uwa ba ta riƙe ɗanta. In an ɗora naki, ki koma bayan igiya ki tsaya, in an ɗora na wata ki shigo ki riƙe.

Na ce mata ba ta da hankali. Yarinyar da ko kakarta ban yarda ta ɗauka ba, ita zan miƙa wa baƙuwa a kan dabba? Baƙuwar kuwa wata doguwar mace ce mai sayar da yadi a kasuwar Sabon Gari, Madam Ngozi, wadda ta zo da ɗanta Chidi. A Sabon Garin aka haife ta, Hausa a bakinta kamar tawa, amma ban taɓa ganinta ba sai ranar.

"Ki koma bayan igiya, Hauwa," in ji Rifkatu.

"Ba inda za ni. Ke kika haifa mini ita?"

"Ni ban haifa ba, shi ya sa nake ganin abin da ba kya gani. Kafin wuyanta ya karkata kin tare. Yaushe za ta san wuyan nata ne?"

Na koma ina huci. Aka ɗora Walida, Amarya ta fara takawa, kan yarinyar ya rinjaya gefe kamar yadda ya saba. Ngozi ba ta tare ba, ƙugu kawai ta riƙe tana cewa, "Ɗago, Walida, ɗago ki ga Mama." Na ciji mayafina don kada in yi ihu. Ba ta ɗago ba a wannan Asabar ɗin, ba ta ɗago ba a ta gaba. Sai da aka yi watanni, wata safiya suna juyowa daga ƙarshen fili na ga kan nan ya miƙe, yana rawa amma a miƙe, tana raba ido tana nemana. Shekara shida tana bayana, ban taɓa ganin fuskar 'yata daga nesa ba sai ranar. Na yi kuka har Rifkatu ta ce in matsa kada in firgita mata doki.

Haka muka shekara uku. Iyaye suka ƙaru, daga Samaru, daga Unguwar Gabas, har da matan sojoji daga bariki. Ngozi ta zama mai riƙe hagun Walida, ni na zama mai riƙe daman Chidi. Na san nauyin yaron nan, na san yadda yake danne numfashi in ya tsorata, na san wace waƙar cocinsu ce ke sa shi sakin jiki, har na iya ta ba tare da na san ma'anarta ba. Sai ciwo ya kwantar da Rifkatu, ba ta daɗe ba ta tafi.

Bayan ta mutu na gane ɗaya fuskar dokar. Kowa ya ɗauka abin zai watse, sai ga shi ba wadda ke iya zama a gida. In kika ƙi zuwa, ba ɗanki kaɗai kika hana hawa ba, har da ɗan wata da ke jiran hannunki. Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi da Rifkatu ta koyar tana zuwa sau ɗaya a wata ta duba yaran ta gyara mana kuskure, sauran Asabar ɗin mu kaɗai ne da Malam Tanko. Amarya ta tsufa, 'yarta ta karɓe ta. Walida yanzu shekararta sha shida. Ba ta tafiya, kuma na daina yi wa kaina alkawarin za ta yi, amma tana zama da kanta, tana cin abinci da hannunta, tana zuwa makaranta a kekenta na guragu fuska a buɗe.

Bara Chidi ya rasu, ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi. Na je ta'aziyya Sabon Gari. Tun daga nan Ngozi ba ta sake zuwa fili ba, ni ma ban kira ta ba. Da wane baki zan ce wa uwar da ta binne ɗanta ta zo ta riƙe mini tawa?

Sai ga maganar fili. Na gado ne, 'yan'uwan Malam Tanko suka raba, za a gina ɗakunan haya na ɗalibai. Ban ga laifinsu ba, Bomo duk ta koma haka. Muka samu wani filin can gaba da Basawa, inda sai an sauka daga keke napep an taka da goyo. A taron iyaye wani uba ya kawo shawara cewa tunda wurin ya yi nisa, a riƙa zagayawa da dokin gida-gida, kowace uwa ta riƙe ɗanta a tsakar gidanta ita da mutanen gida, babu wahala babu 'yan kallo. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma da yawa sun ji daɗi, don mun gaji, yaran sun yi nauyi, mu kuma bayanmu ya fara ciwo.

Ni dai na miƙe na ce ban yarda ba. Babu 'yan kallo, ai daga nan muka fito. Na yi ta tunanin me Rifkatu za ta ce da ta ga wannan zamani da kowa ke kallon yadda ake motsa jikin yaro a waya, ya rufe ƙofa ya yi shi kaɗai. Ina jin za ta yaba wa wayar, sannan ta tambaya wa zai hana uwa tare wuyan ɗanta. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan a gwada Asabar guda a sabon filin. In hannaye sun isa a ci gaba, in ba su isa ba a bi shawarar gida-gida.

A wannan Asabar ɗin, da ruwan sama aka tashi. Na isa da Walida na tarar da Malam Tanko ya riga ya ɗaura igiya, goɗiya tana tsaye a jiƙe. Uwa ɗaya ce kawai ta zo, wata sabuwa mai suna Bilkisu da ɗanta ɗan shekara huɗu, ta lulluɓe shi da mayafi har kansa. Mu biyu ba mu isa ba, don kowane yaro sai da mata biyu waɗanda ba uwarsa ba. Muka jira har rana ta fito, ba kowa.

Bilkisu ta ce, "Anti, ki riƙe gefe ɗaya ni in riƙe ɗaya mana. Wa zai sani?"

Wallahi na kusa yarda. Ta sha hanya, yaron yana ta kallon dokin, Malam Tanko ma ya kau da kai don kada ya sa baki. Ina cikin wannan sai na hango wata doguwar mace tana tsallake taɓo, ta tattare zani, takalma a hannu. Walida ce ta fara gane ta, ta daki hannun kekenta tana kiran sunanta.

Na tare ta na ce, "Maman Chidi, ai ba sai kin zo ba."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Haba, Maman Walida. Duk shekarun nan kin taɓa ganin na riƙe Chidi a fili? Shi naki ne. Tawa ga ta can tana kirana." Ta ajiye takalman, ta juya wurin Bilkisu. "Ƙanwata, kawo yaron. Ke kuma koma bayan igiya."

Bilkisu ta koma tana ciza mayafinta, ni da Ngozi muka riƙe mata ɗa. Kafin mu gama zagaye na biyu wasu matan sun fara ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, ruwa ne ya tsare su a hanya. Ba a sake tayar da zancen gida-gida ba.

Rifkatu ba ta bar gini ba, ba ta haihu ba, filin da ta fara aiki a kai ma yanzu bulo ne a jibge. Nakan auna abin da ya rage nata a duniya in ga igiya ce guda da wannan doka mai ciwo, wadda na zage ta a kanta. Dokar nan ce ta fitar da 'ya'yanmu daga ƙarƙashin mayafi, ita ce ta fito da Ngozi daga ɗakin makoki ta tako taɓo. Ban san shekara nawa za a bar mu a wannan filin ba. In an tashe mu za mu nemi wani, mu kwance igiyarmu mu tafi da ita. Asabar mai zuwa ni ce a daman ɗan Bilkisu, kuma ya fara ƙoƙarin ɗago kai in ya ji muryar uwarsa daga nesa, don haka ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai na je.