Kumbon da Babu Kyaftin

Dattijo ne, zaune a bencin jira na asibiti, rigarsa a goge tsaf amma ya saɓa maɓallai. Akwai leda a cinyarsa, ina hango takalmin mata a ciki. Iyafis ɗaya na sauraron waya na kunnensa, ɗayan yana lilo ta gefen da babu kowa. A wayarsa kumbon 'yan sama jannati ke ratsa taurari. Ina jin ya rasa inda zai sa idonsa ne.

Ya lura ina leƙe.

"Daga tsohon shirin suka ciro wannan," in ji shi. "Makanikin kumbon suka yi wa nasa shirin. Hoto ya fi kyau, ba ƙarya, amma kyaftin ɗin ba ta ciki. Kowa sai ihu, babu mai tsawatarwa. Na farkon shekara shida muna kallonsa da maiɗakina. Wannan kashi biyu ta gani, ta ce in ƙarasa in ba ta labari."

Nas ta leƙo, ta ce, "Baba, zo ka sa hannu a fitar da gawarta."

Ya tsayar da shirin, ya naɗe iyafis ɗin a hankali, ya tura cikin takalminta.