Igiyar da Na Saƙa wa Ƙarfen Gada

Ban taɓa mantawa da safiyar wata Alhamis ba, ƙarfe tara, a matsayar jiragen ruwa na shaƙatawa da ke Abhur, arewa da Jidda. Mu uku ne a kan gadar da ake ɗaure jirage: ni, da Baffa Sale, Bahaushen Sudan da ke shugabantar masu gyara, da mudir Abu Faisal, wato manajan kamfanin. Ranar ce wata ukun gwajina ya cika, iƙamata kuma, wato takardar izinin zama a ƙasar, saura mako biyu ta mutu. In na ci, kamfanin ya zama kafilina, mai tsaya mini a sabunta ta. In na faɗi, halas, shi ke nan.

Jarrabawar ɗaya ce: in yi wa igiya ido. Jirgi mai tafiya da iska ba ya son ƙulli, domin ƙulli na rage wa igiya ƙarfi. Don haka ana warware bakinta sili uku, a lanƙwaso shi ya zama zobe, a saƙa kowane sili cikin jikinta sau biyar. A wannan idon ake maƙala ƙugiyar da ke ɗaga shira'i, wato tantanin da iska ke turawa.

A unguwar Karantina ta Jidda na koyi tufka wurin kakana, shi kuma da babban yatsan ƙafa yake tokare igiya. Na ji kunyar cire takalmi a gaban mudir, sai na zagaya ta a ƙarfen gadar don ta tsaya. Na saƙa a tsanake, na ƙone bakin da wuta. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

"Yalla, miƙo," in ji mudir.

Na ja, ta ƙi zuwa. Ƙarfen yana tsakiyar idon, kuma an yi masa walda sama da ƙasa.

Baffa Sale ya duba, ya ce, "Habibu ɗana, jirgin aka ce ka yi wa aiki, ko Jidda za mu ɗaga?"

Na ce, "Baffa, a ba ni wuƙa."

"Wuƙa ta jira." Ya juya ga mudir ya ce da Larabci ai dama a ka'ida sai an gwada ido kafin a karɓa, yaron ya sauƙaƙa mana ne kawai. Ban taɓa jin wannan ka'idar ba. Mudir ma da alama bai taɓa ji ba, amma ya sa aka naɗa ɗaya bakin a injin jan jirgi. Injin ya yi gurnani, igiya ta miƙe, ƙarfen ya ɗan rusuna. Ido bai motsa ba.

"Kashe, kafin ya tafi da gadata," in ji mudir.

Ran Lahadi aka fara cika takardun iƙamata. Tun daga ranar, kafin in soke silin farko sai na duba abin da ke cikin zoben, kuma takalmi nake fara cirewa ko wa ke tsaye. Mudir ya hana a yanke igiyar. Da ita ake ɗaure jirginsa har yau.