Malam Karo da Tawul ɗin Mama

Mahaifina malamin labarin ƙasa ne, kuma duk tawul ɗin gidanmu a ajinsa suka tsufa. Mama za ta shiga banɗaki da safe ta tarar da ƙusa wayam. "Malam, yau kuma da me za mu goge jiki, da taswira?" Shi kuwa tuni ya ɗaure su a bayan keke ya yi gaba.

Na zauna a ajinsa, na gani da idona. Yakan shimfiɗa tawul kala-kala a kan tebur, wani bisa wani, ya sa katako a kowane gefe. Ya ce ɓawon duniya ba guda ba ne, manyan faranti ne masu tafiya a hankali kamar tsirar farce. Sai ya tura katakan su nufi juna, tawul su lanƙwashe su yi tozo. "In biyu suka yi karo ba mai kaucewa, dole ƙasa ta nannaɗe ta yi sama. Haka jerin duwatsu ke samuwa." Daga nan ɗalibai suka laƙaba masa Malam Karo.

Abin haushin, bai taɓa ganin irin duwatsun nan ba, alhali ba shi da burin da ya wuce wannan. Garinmu shimfiɗe yake kamar tabarma. Duk hutu Mama ta ce ya shirya su je, shi kuma ya ce akwai takardun jarrabawa, ko rufi na yoyo. "Abin da ya yi miliyoyin shekaru yana tashi, ai ba ya gudu kafin baɗi."

Da ganinsa ya fara raguwa, likita ya ce hawan jinin ido ne, ganin da ya tafi kuma ba ya dawowa, na ce, "Baba, mu tafi yanzu." Ya ce a bari 'yan ajin ƙarshe su gama. Bayansu wasu suka zo. Taurin kan mutumin nan har yau yana ci mini rai.

Sai da ya yi ritaya, Mama ta rasu, sannan muka je. A lokacin haske da duhu kawai yake bambancewa. Direba ya tsaya inda aka yanka dutse aka fitar da titi. Ga duwatsun shimfiɗa-shimfiɗa, ja da fari da ruwan toka, sun lanƙwashe sun yi sama. Na ɗora hannunsa a kai, ya bi layi ɗaya da yatsa har inda hannun ya ƙare.

"Gaya mini tsakani da Allah, sun yi kama da tawul ɗin?"

"Sak, Baba. Har da jan nan na Mama."

Ya sauke hannunsa. "To, ban yi wa 'ya'yan mutane ƙarya ba."

Sannan ya ja da baya ya ɗaga kai don ya kalli ƙololuwa, amma motarmu ya fuskanta. Na kama kafaɗunsa na juya shi.